Amsa: Me ya sa rodi ke tsada alhali muna da Ajaokuta?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa rodi ke ta hawa a kasuwar Ƙofar Ruwa, ga shi muna da masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta. To, Ajaokutar nan sunanta kawai muke ji. Tun 1979 aka fara gina ta a jihar Kogi ta yanzu da taimakon Tarayyar Sobiyet, amma har yau babbar tanderunta ba ta taɓa narka tama ba. Tamar Itakpe kuwa, wato wurin da za a riƙa haƙo mata tama, sai an wanke an tace ta tukuna, kuma kwal ɗin Enugu bai dace da irin wannan tanderu ba.

Mafi yawan rodin gida da kake gani daga tsofaffin ƙarafa ake yin sa, waɗanda 'yan gwangwan ke tarawa a loda wa tireloli. Narka su na cin wutar lantarki sosai, kai ma ka san halin wutarmu. Ga dala, ga kuɗin dizal na dako.

Ni dai inda na sa rai shi ne bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano. In ya iso, masana'antun Challawa da Sharaɗa za su ɗan numfasa. Amma kar ka dakatar da gininka kana jiran sa, sayi rodinka kaɗan-kaɗan.