Su wane ne samarin nan masu farar riga da ke yawo bibbiyu?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Kumasi, ina da ɗan shagon kayan masarufi a bakin zango. Kusan kullum sai wasu samari biyu sun wuce ta gabana, ɗaya Bature ɗaya baƙar fata, da farar riga da laktaye da wani ɗan baƙin allo a ƙirji. An ce mini 'yan Mormon ne. Baturen yaro ne ƙarami, ko gemu bai fara ba, amma an ce abin da ke rubuce a allonsa yana nufin dattijo. Wasu na cewa albashi ake biyansu da dala, wasu na cewa 'yan leƙen asiri ne. Na taɓa miƙa musu shayi suka ƙi karɓa, abin ya ɗan sosa mini rai. Don Allah yaya rayuwarsu take, kuma wa ke ɗaukar nauyinsu?

Amsa: Barka kadai, Alhaji. Bari in fara da shayin, tunda shi ne ya taɓa ka. Ba raini ba ne, ba kuma ƙyamar hannunka suka yi ba. Addininsu ya hana su shayi da kofi da giya da taba, bisa wata ƙa'ida da suke bi wadda ta samo asali tun 1833. Ko a gidan iyayensu ba sa sha. Da ruwa ka ba su, ko lemo, da sun karɓa hannu bibbiyu.

Su masu wa'azi ne da cocinsu ya turo. Cocin nasu Joseph Smith ne ya kafa shi a jihar New York ta Amurka a 1830, hedikwatarsa kuma tana Salt Lake City a jihar Yuta, inda Brigham Young ya kai mabiya a 1847 bayan an yi ta korarsu daga gari zuwa gari. Cikakken sunansa in an fassara shi ne Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Zamanin Ƙarshe. Sunan Mormon daga littafinsu ya fito, wanda suke karantawa tare da Littafi Mai Tsarki, kuma tun 2018 shugabanninsu suka nemi a daina kiransu da shi. Sun yarda Joseph Smith annabi ne, kuma shugaban cocin na kowane zamani annabi ne. Saboda wannan da wasu abubuwan, Katolika da yawancin sauran coci-coci ba sa ganin akidarsu ɗaya da tasu. Mu Musulmi kuwa ka san matsayinmu a kan annabci bayan Manzon Allah (SAW), ba sai an tsaya dogon bayani ba.

Batun albashi babu shi. Asali ma su ne ke biya. Yaron da kake gani, da wuya in bai yi aikin ƙarfi ya tara kuɗi ba kafin ya taso, iyayensa kuma suna cikawa duk wata. A Amurka kowa yana biyan kuɗi iri ɗaya a wata cikin asusu guda, daga nan coci ke rarraba kuɗin haya da na abinci, don kada wanda aka tura Tokyo ya fi wanda aka tura Kumasi jin nauyi. Wanda iyayensa ba su da hali, kamar da yawa daga cikin 'yan Afirkan, yana kawo abin da zai iya, jama'ar cocinsa su cika sauran. Abin da ke shiga hannunsa a wata ɗan kuɗin cefane ne da na mota. In kana neman abin da ya yi kama da wannan a wajenmu, dubi masu fita da'awa na Tablig, waɗanda ke barin gida kwana arba'in ko wata huɗu da guzurinsu. Bambancin shi ne waɗannan shekara biyu cur suke yi in maza ne, mata kuma wata goma sha takwas.

Kuma ba shi ya zaɓi Gana ba. Yaro yana cike takardu, likita ya duba shi, shugabannin cocinsa su tattauna da shi a kan halinsa, sannan a aika hedikwata. Can ɗaya daga cikin manyan shugabanni goma sha biyu da suke kira manzanni zai sa masa wuri. Ranar da takardar ta iso, dangi ake tarawa a buɗe ta a gaban kowa, kamar yadda 'yan bautar ƙasa ke jiran ganin inda aka jefa su, sai dai nan duniya ce gaba ɗaya: ko Burazil, ko Filifin, ko Koriya, ko Kwango. A Oktoban 2012 shugabansu na lokacin, Thomas Monson, ya rage shekarun fita, maza daga 19 zuwa 18, mata daga 21 zuwa 19, har yawan masu fitar ya haura dubu tamanin a shekarun da suka biyo baya. Shi ya sa kake ganin yara ƙanana haka. Kalmar Elda da ke ƙirjinsa muƙamin coci ce, ba ta da alaƙa da furfura. Matan kuwa Sista ake ce musu. Tsawon shekara biyun nan ba mai kiransa da sunan yanka, sai Elda wane, da sunan mahaifinsa.

Kafin a sake shi cikin gari sai ya bi ta makarantar horo. Babbar tana Provo a Yuta, akwai kuma wata a nan Akara. Wanda zai yi wa'azi da harshen da ya iya makonni kaɗan yake yi, wanda zai koyi sabon harshe kamar Japananci ko Sinanci yakan kai mako tara. Sauran harshen a titi ake koyonsa, da kuskure da dariyar yara. Ka saurara da kyau, za ka ji Baturen naku yana gaisuwa da Tuwi, harshen Asantawa.

Yanzu ga ranarsu. Tsarin da aka daɗe a kai shi ne tashi ƙarfe shida da rabi na safe, addu'a, motsa jiki na rabin awa, wanka da karin kumallo. Sai awa ɗaya ta karatun littattafan addini shi kaɗai, sai karatu tare da abokinsa, sai na harshe in akwai. Wajen ƙarfe goma su fito. Daga nan yawo ne har dare, a ƙasa ko a keke da hular kwano ko a turotiro, wato ƙaramar motar haya: zuwa gidan wanda ya yi musu alkawari, tsayar da mutane a hanya, ziyartar ɗan cocin da ya daina zuwa, wani lokaci taya wani aikin gona ko share kwata. Su koma gida wajen ƙarfe tara, su kwanta goma da rabi. A 2017 an sassauta wannan jadawali yadda kowace ƙasa za ta daidaita shi da yanayinta, amma ƙashin bayansa yana nan. Kwana shida a mako haka. Rana ɗaya, galibi Litinin, ita ce ta wanki da cefane da aski da ɗan buga ƙwallo, kuma ko ita da yamma sai a koma aiki.

Abin da ya fi komai wuya a wannan rayuwa, a ganina, shi ne abin da ya fara jan hankalinka: bibbiyun nan. Doka ce kada ɗaya ya ɓace wa ɗaya, sai ya kasance yana ganinsa yana jin muryarsa, in ban da banɗaki. Ɗaki ɗaya suke kwana, tukunya ɗaya suke ci. Kuma ba su suka zaɓi juna ba. Shugaban yankin, wani magidanci da ke zuwa da matarsa su yi shekara uku, shi ke haɗa su, kuma duk mako shida yana iya raba su ya sauya musu abokai ko gari. Ka ɗauki yaron da ya tashi a ƙauyen jihar Aidaho ta Amurka, wanda bai taɓa wanki da hannu ba, ka haɗa shi da ɗan Kinshasa ko ɗan Aba, ka ce su zauna dare da rana. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Akan yi rigima a kan yaji a miya, a kan munshari, a kan wa zai yi magana a gaban baƙo. Ba inda mutum zai je ya huce, dole a nan za a sasanta. Hikimar dokar a fili take: kowa shaidar ɗan'uwansa ne, yana tsare shi daga ɓarna da kuma ƙazafi. Amma nauyi ne babba a kan ɗan shekara goma sha takwas.

Suna da wata al'ada ta magana da nake jin daɗinta. Wanda ya horar da sabon zuwa a makonninsa goma sha biyu na farko, shi ne "babansa". Garin da aka fara kai shi nan aka "haife" shi, inda ya ƙare aikinsa kuma nan ya "mutu". Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka yadda suke ɗaukar shekara biyun nan tamkar wata rayuwa ce daban da aka yanko daga cikin ta ainihi.

An kuwa yanko ta. Ba zance, ba budurwa, ba kallon fim, ba kiɗan duniya, ba iyo a ruwa. Wanda ya bar budurwa a gida sai wasiƙa, kuma sau da yawa kafin ya dawo ta yi aure. Har zuwa farkon 2019, sau biyu kacal a shekara ake barin yaro ya ji muryar iyayensa a waya, ranar Kirsimeti da Ranar Iyaye Mata, sauran sai saƙo sau ɗaya a mako. A Fabrairun shekarar aka ba su damar kiran gida kowane mako, har da na bidiyo. Na ga dacewar wannan sauyi ƙwarai. Kewar gida ciwo ce ta gaske, kuma akwai waɗanda damuwa ko rashin lafiya ke mayar da su gida kafin wa'adi, su tarar da kunya tana jiransu a cikin jama'arsu, kamar wanda ya gudo daga makarantar allo. Cocin da kansa yanzu yana jan hankalin mabiyansa su daina kallon irin waɗannan yara a matsayin waɗanda suka gaza. A ƙasashenmu ga zazzabin cizon sauro, shi ya sa ake sa su shan maganin rigakafi da kwana cikin gidan sauro, ga ciwon ciki kafin hanji ya saba da fufu da banku.

Sai kuma ƙin da ake musu. A Gana mutane na da sakin fuska, ana ba su kujera a saurare su. A Turai kuwa yaro na iya ƙwanƙwasa ƙofofi wata da watanni ba wanda ya ce shigo, ya gama shekara biyu bai yi wa ko mutum ɗaya baftisma ba. Duk mako kuma sai ya ba da rahoton mutum nawa ya koyar, nawa suka zo coci ranar Lahadi. Nan nake da ja da tsarin, domin lissafin lamba yakan sa yaro gaggawa, a yi wa mutum baftisma bai gama fahimta ba, bayan 'yan watanni a neme shi a rasa. Ni dai abin da na lura, wanda aikin ya fi canzawa shi ne yaron da kansa. Ya koma gida da harshe na biyu, ya iya tsayuwa gaban baƙo ya yi magana, ya saba da a ce masa a'a. Mitt Romney, wanda ya yi takarar shugabancin Amurka a 2012, a Faransa ya yi nasa daga 1966 zuwa 1968. Jon Huntsman a Taiwan ya yi, can ya koyi Sinanci, daga baya ya zama jakadan Amurka a Sin. Ina jin irin wannan ne ke haifar da zancen leƙen asiri, ganin mutanen da suka iya harsuna suna samun aikin gwamnati bayan sun koma. Amma yaran da ke wucewa ta gaban shagonka, neman wanda zai saurari wa'azi suke yi.

Zargin ma ba sabo ba ne a Gana. A Yunin 1989 gwamnatin Rawlings ta dakatar da ayyukan cocin ta kori 'yan mishan na waje, sai a ƙarshen 1990 aka ɗage. Akwai kuma wani tarihi da ya kamata ka sani, tunda ka ga baƙar fata a cikinsu: har zuwa 1978 cocin ba ya ba baƙar fata muƙamin firist, wato limancin coci. A shekarar ne shugabansu Spencer Kimball ya sanar da janye hanin, kafin ƙarshenta kuma 'yan mishan suka iso Najeriya da Gana. Yau suna da babban haikali a Akara tun 2004, da wani a Aba tun 2005, kuma yawancin masu wa'azinsu a Afirka ta Yamma 'yan Afirka ne.

In sun sake tsayawa a shagonka, Alhaji, ka yi musu abin da kake yi wa kowane baƙo. In ba ka son wa'azi, faɗa musu kai tsaye cewa kai Musulmi ne kuma ka riƙe addininka. An horar da su su yi godiya su wuce, kuma cocin nasu yana taka-tsantsan sosai a kan yi wa Musulmi wa'azi. Kada ka yi musu alkawarin "ku dawo gobe" don kunya, domin za su rubuta, kuma goben za su dawo. In ka ga an sauya ɗaya daga cikinsu nan da 'yan makonni, ba wani abu ya faru ba, lokacin sauyi ne ya zo. Ranar Lahadin farko ta wata kuma ko ruwan ka miƙa ba lallai su sha ba, azumi suke yi.