Amsa ga mai tambaya kan sojan sito da sufuri

Malam ka ce ɗanka zai fita daga NDA Kaduna, makarantar horar da hafsoshin soja, an tura shi ɓangaren kaya da sufuri, kana tambaya wai ko aikin zaman ofis ne kawai. Wallahi ba haka ba ne yayana.

Ka duba sojojin da ke tashi daga barikin Natsinta da ke Katsina su nufi dazukan Jibiya ko Batsari, abincinsu, ruwan sha, man mota, duk sai wani hafsa ya zauna ya lissafa mutum nawa ne, kwana nawa za su yi, wace hanya ayarin motoci zai bi da damina in laka ta cinye hanya, kuma sau da yawa shi da kansa yake raka ayarin, nan ne ma ake yawan yin kwanton ɓauna. Harsasai da kaki kuwa na 'yan odinans ne, wato ɓangaren da ke kula da makamai da kayan soja, amma tare suke tafiya.

Abin da ya fi nauyi amana ce, ko wane buhun shinkafa da litar dizal sai an sa hannu, in ya ɓace hafsan za a tuhuma. Makarantar 'yan kaya da sufuri tana birnin Benin na jihar Edo, can zai je kwas. Ka sa masa albarka kawai.