Tambaya da Amsa: Yadda Mai Hannu Ɗaya da Mai Rawar Hannu Za Su Yi Aiki da Kibod

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifina ya yi shekaru yana aikin buga takardu a ofis kafin ya yi ritaya, bara kuma ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, hannunsa na hagu ya daina aiki. Yanzu ya sami sauƙi, har yana son ya riƙa zama a shagona yana rubuta wasiƙu da takardun yarjejeniyar sayen fili kamar yadda ya saba, amma duk abin da ke buƙatar danna maɓalli biyu tare, kamar babban baƙi ko ajiye aiki, sai ya kira ni. Na lura abin yana sosa masa rai. Akwai kibod na musamman da zan saya masa? Daga wani mai shagon buga takardu a Jega.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, kai kuma Ya saka maka da alheri. Kada ka sayi komai tukuna, domin abin da kake nema yana cikin kwamfutar da ke gabanka. Sunansa Sticky Keys, kuma ya daɗe: masu bincike na cibiyar Trace da ke Jami'ar Wisconsin a Amurka ne suka yi aiki a kansa tun shekarun 1980, sannan kamfanin Microsoft ya saka shi cikin Windows 95, bai kuma cire shi ba har zuwa Windows 11 da ta fito a 2021.

Aikinsa shi ne ya riƙe wa mutum maɓallan nan huɗu da ba sa rubuta komai su kaɗai, wato Shift da Ctrl da Alt da maɓallin Windows, har sai ya danna na gaba. Idan Baba yana son babban baƙin M, zai danna Shift ya saki, sannan ya danna M a natse, ko da bayan daƙiƙu da yawa ne. Idan ajiye aiki zai yi, sai ya danna Ctrl ya saki, sannan ya danna S. Haka kwafa da Ctrl da C, da liƙawa da Ctrl da V, da aika takarda zuwa firinta da Ctrl da P, duk za su yiwu da yatsa ɗaya, ɗaya bayan ɗaya.

Hanya mafi sauri ta kunna shi ita ce a danna Shift sau biyar a jere. Kwamfutar za ta yi ɗan ƙara, wani akwati ya fito yana tambaya, sai a zaɓi Yes. Sai dai ina ba ka shawarar ka shiga wurin saitinsa, saboda akwai zaɓuɓɓuka biyu da su ne za su yanke ko Baba zai ji daɗin abin ko zai yi fushi da shi. Danna maɓallin Windows da U, sai shafin ya buɗe. A Windows 10 sunansa Ease of Access, a Windows 11 kuma Accessibility, a duka biyun kuwa za ka gangara zuwa Keyboard ka sami Sticky Keys.

Zaɓi na farko shi ne wanda ke kulle maɓalli idan an danna shi sau biyu a jere. Ka bar shi a kunne. Mai rubuta takardar yarjejeniya yakan buƙaci kanun takarda gaba ɗaya da manyan baƙaƙe, ko ya zaɓi layuka da dama domin ya goge su, kuma a nan dannawa biyu a kan Shift za ta riƙe shi har sai an sake danna shi karo na uku. Akwai ƙaramin hoto da ke fitowa a ƙasan allo kusa da agogo, wanda ke nuna maɓallin da aka riƙe a lokacin. Ka nuna wa Baba shi tun ranar farko, domin mafi yawan ruɗanin da sababbi ke shiga yana faruwa ne idan Ctrl na kulle ba su sani ba, suna danna baƙaƙe kwamfutar na buɗe abubuwan da ba su nema ba.

Zaɓi na biyu shi ne wanda ya fi shafar shago irin naka. Windows tana kashe Sticky Keys da kanta da zarar wani ya danna maɓalli biyu tare, bisa zaton cewa mai hannu biyu ya karɓi kujerar. Ma'ana, duk lokacin da kai ko yaron shagonka kuka miƙa hannu kuka danna Ctrl da P domin ku yi sauri, kun kashe wa Baba abin da yake dogaro da shi, shi kuwa zai dawo ya ga kibod ya koma yadda yake. Ka cire alamar da ke kan wannan zaɓi. Abin da ya fi ma shi ne ka buɗe masa nasa asusun a kwamfutar da sunansa, tunda waɗannan saituna suna bin asusun kowane mai amfani ne, sai nasa ya zauna yadda yake so, naku kuma ya zauna yadda kuka saba.

Idan kwamfutar tana neman Ctrl da Alt da Delete kafin a shiga, wannan ma ba matsala ba ce, domin danna Shift sau biyar yana aiki a shafin shiga, akwai kuma alamar sauƙaƙa amfani a kusurwar dama ta ƙasa. Abin da Sticky Keys ba ya iya riƙewa shi ne maɓallin Fn na kwamfutar tafi-da-gidanka, saboda na'urar ce da kanta ke sarrafa shi, Windows ba ta ganinsa kamar sauran. A yawancin kwamfutocin Dell da Lenovo, Fn da Esc suna kulle shi, sai ka danna masa sau ɗaya ka bar shi haka. Jan abu da linzami kuwa, wanda ke buƙatar a riƙe maɓallinsa ana tafiya da shi, akwai ClickLock a cikin saitin linzami: a danna a ɗan riƙe, a saki, a ja, sannan a sake dannawa a inda ake son ajiyewa.

Ni a ganina, ka bar Baba ya yi kwanakinsa na farko ba tare da ka tsaya a kansa ba. Wanda ya ƙware da yatsu goma zai ji ciwon komawa biyar, kuma zai fi saurin sabawa idan ba a kallonsa.

TAMBAYA: Ni malama ce a makarantar sakandare, kuma hannuna yana rawa kaɗan, musamman idan na gaji. Idan ina shirya tambayoyin jarrabawa sai in ga baƙi ɗaya ya fito sau uku, ko kuma yatsana ya taɓa na kusa da wanda nake nufi. Gyaran ya fi rubutun cin lokaci. Me zan yi? Daga wata malama a Argungu.

AMSA: Malama, kafin komai ki gwada abu ɗaya. Ki ari wani kibod na waje mai igiyar USB ki yi rubutu da shi na ɗan lokaci. Idan baƙi guda ne kullum yake maimaita kansa a kwamfutarki amma a kibod ɗin aro bai yi ba, to laifin ba na hannunki ba ne, ƙura ce ta shiga ƙarƙashin maɓallin, abin da ke yawan faruwa a nan yankin lokacin hunturu. Idan kuwa matsalar ta biyo ki, sai mu koma ga Filter Keys.

Yana zaune a shafi ɗaya da Sticky Keys, ana kuma kunna shi ta riƙe Shift na hannun dama har daƙiƙa 8. Abubuwa uku yake yi, kuma ba lallai ki kunna dukansu ba. Na ɗaya yana sa kwamfuta ta ƙi karɓar maɓalli sai an riƙe shi na ɗan lokaci, wanda shi ne maganin yatsan da ke gogar maɓallin maƙwabta. Na biyu yana watsi da dannawa ta biyu idan ta biyo ta farko da sauri a kan maɓalli guda, shi ne maganin baƙin da ke fitowa sau uku. Na uku yana rage saurin maimaituwar baƙi idan yatsa ya daɗe a kansa, ko ya hana ta gaba ɗaya.

Na biyun nan yana da tarko ga mai rubuta Hausa. Harshenmu cike yake da baƙaƙe masu ninki: sannu, hannu, littattafai, tattaunawa, har da sunan jihar Kebbi kanta. Idan kika sa lokacin jira ya yi tsawo, kwamfutar za ta ɗauki baƙi na biyu a matsayin kuskure ta haɗiye shi, sai Kebbi ta fito Kebi, sannu ta fito sanu, kuma ba za ki lura ba sai takardar ta isa hannun ɗalibai. Ki fara da rabin daƙiƙa, ki rubuta littattafai sau da yawa da saurin da kika saba, ki ga ko tana fitowa daidai. Idan ba ta fita, ki rage lokacin ko ki koyi ɗan dakatawa tsakanin baƙaƙen biyu. Ki kunna Toggle Keys ma, wanda ke yin ƙara duk lokacin da aka taɓa Caps Lock ko Num Lock, domin kada ki rubuta sakin layi guda da manyan baƙaƙe kafin ki ɗaga kai.

Rawar hannun kuma a kai ta gaban likita, domin dalilanta suna da yawa, wasunsu kuma suna da magani. Ga sauran masu karatu: idan kibod ya yi kamar ya mutu ba zato, ana danna baƙi ba ya fitowa sai an riƙe shi, a duba Filter Keys kafin a kai wa mai gyara, domin yaro ko gwiwar hannu kan kunna shi ba da niyya ba.

TAMBAYA: Ina rubuta aikin kammala karatuna da Hausa, kuma ina da laluran yatsu tun ina yaro. Ta yaya zan samar da baƙaƙe masu lanƙwasa ba tare da wahala ba? Daga wani ɗalibi a Birnin Kebbi.

AMSA: A cikin Microsoft Word kowane ɗayansu yana da lamba. Ka rubuta U+0199 sannan ka danna Alt da X, sai ya koma ƙ. Na ɗ shi ne U+0257, na ɓ kuma U+0253. Da Sticky Keys a kunne, Alt da X ɗin ɗaya bayan ɗaya za ka danna su. Kada ka bar U+ ɗin a baya, domin a kalma irin baƙi, Word zai haɗa b da a da suka gabata cikin lambar, ya kasa fitar da abin da kake so.

Wannan hanya ta samar da su ce sau ɗaya, ba ta rubuta babi biyar ba. Da zarar sun fito, ka shiga AutoCorrect a cikin Options na Word ka saka kalmomin da ka fi amfani da su, ta yadda idan ka rubuta kasa1 zai mayar da ita ƙasa, daya kuma ta koma ɗaya. Ka kiyaye kalmomin da ke da ma'ana biyu, irin su kasa da ƙasa ko dan da ɗan, shi ya sa na ƙara lamba a misalin farko. Akwai kuma kibod na kan allo, wanda Windows da Ctrl da O ke buɗewa, inda Shift da Alt ke tsayawa da kansu idan an danna su da linzami.

TAMBAYA: Ƙanena mai hannu ɗaya zai rubuta jarrabawar JAMB. Zai iya kunna waɗannan abubuwa a cibiyar? Daga Zuru.

AMSA: Ba zai buƙace su ba. Tun 2015 jarrabawar ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, kuma an tsara ta yadda maɓalli ɗaya ke isa: A da B da C da D domin amsa, N domin tambaya ta gaba, P domin komawa baya, S domin miƙa aiki. Ya bayyana lalurarsa lokacin rajista, ya kuma yi jarrabawar gwaji idan ya samu dama. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta haramta a ware shi saboda lalurarsa, don haka idan yana buƙatar kujera a bakin layi domin hannunsa ya sake, ya nemi hakan daga mai kula da cibiyar kafin a fara.