Piyar Asiya mai garas-garas: zaɓenta, cinta da adana ta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na sayi wata piya a kantin 'ya'yan itatuwa, zagayayya kamar tuffa, fatarta ruwan ƙasa-ƙasa, kowace ɗaya an saka ta cikin farar raga mai taushi. Na ajiye ta ina jiran ta yi laushi, amma ba ta yi ba, sai ma ta fara yamushewa tana fitar da baƙin tabo. Shin ɗanya aka sayar mini, ko ni ce ban iya ajiyarta ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba ɗanya aka sayar miki ba. Abin da kika kwatanta piyar Asiya ce, wadda ake nomawa a Sin da Japan da Koriya, kuma ba ta da dangantaka da piyar da muke shafawa a burodi. Ta bambanta kuma da piyar Turai mai dogon wuya, irin su Packham da Forelle da ake fitarwa daga Afirka ta Kudu, waɗanda ake tsinka da ƙarfinsu sannan su nuna a ajiye. Ita ta Asiya a kan bishiya take nuna, kuma ranar da aka tsinke ta zaƙinta ya kai inda zai kai. Ƙarfin nan da kika ji shi ne halinta, don haka kwanakin da kika yi kina jira ba su ƙara mata komai ba sai asarar ruwa.

Da yake ajiya ba za ta gyara ta ba, wajen saye ne ya kamata a natsu. Ki ɗauke ta a hannu ki ji nauyinta, domin kusan kashi 88 cikin ɗari na jikinta ruwa ne, wadda ta yi sakayau kuwa ta daɗe a kanti. Ki zame ragar ki duba ko'ina, musamman gefen kara, inda yamushewa ke fara bayyana. Ina roƙonki kada ki matsa ta da yatsa kamar yadda ake gwada mangwaro: fatarta siririya ce ƙwarai, kuma inda yatsa ya danna gobe zai yi baƙi, shi ya sa ma ake saka mata ragar. Launi ya danganta da iri. Hosui da Shingo, wanda yankin Naju na Koriya ya yi suna da shi, ruwan ƙasa ne mai ɗigo-ɗigo, kuma ɗigon ba aibi ba ne. Nijisseiki, wadda aka gano a Matsudo ta Japan a 1888, fatarta sumul ce, koriya mai komawa rawaya. Ya Li ta lardin Hebei a Sin tana da ɗan wuya, amma ita ma ba ta yin laushi.

A ganina ba a jin ainihin daɗinta sai da sanyi. A wanke ta, a fere idan fatar mai kauri ce, a raba ta huɗu, a cire tsakiyar da ɗan yalwa, saboda naman da ke kewaye da 'ya'yan yana da tsami da tauri. Za ki ji wani ɗan tsaki-tsaki a baki, wannan ƙananan ƙwayoyi ne masu tauri da ke cikin naman tun asali, ba yashi ba ne. Idan an yanka ba a ci nan take ba, a tsoma ta cikin ruwa mai ɗan gishiri ko lemun tsami don kada ta yi duhu. Mutanen Koriya sukan goge ta su jiƙa naman shanu a ciki kafin su gasa, domin tana ɗauke da sinadarin da ke tausasa nama. Mai saurin kumburin ciki ya ci kaɗan, saboda irin sukarin da ke cikinta yakan saki cikin wasu.

Game da ajiya, zafi da bushewar iska su ne ke lalata ta. A manyan rumbunan sanyi ana riƙe ta a ma'auni 0 zuwa 1 na salshiyos har watanni, amma a ɗaki lokacin bazara, ko cikin iskar hunturu mai busar da komai, kada ta wuce kwana biyu ko uku. A firji kuwa, ki naɗe kowace ɗaya da takarda mai tsabta, ki saka a leda ki ɗaure sako-sako, ki ajiye a aljihun kayan lambu, za ta yi makonni da garas ɗinta. Kada ki wanke sai za ki ci, kada ki ɗora wani abu a kanta, kuma ki raba ta da ayaba da tuffa, waɗanda ke fitar da iskar da ke saurin tsufar da 'ya'yan itace. Injin daskarewa yana mayar da ita ruwa-ruwa idan ta narke. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, gara ki sayi daidai abin da za a cinye cikin kwana biyu.

Waɗanda suka rage a hannunki, ki yanka ki duba. Idan tabon bai wuce fata ba, ki yanke wurin ki ci sauran yau. Idan naman ciki ya yi ruwan ƙasa, ya saki, ko yana warin tsami, ki zubar.