Katunan jiragen ruwa na kakanmu sun fara marmashewa, in kai a yi musu lamineshin?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Bayan rasuwar kakanmu mun buɗe adakarsa, muka tarar da katunan wasiƙa guda goma sha ɗaya masu hoton jiragen ruwa, an ɗaure su da roba. Wasu an rubuta Apapa a ƙarƙashin hoton, wasu Accra, wasu Aureol. Wanda ya fi taɓa mana zuciya shi ne na Apapa da ya aiko wa kakarmu lokacin da ya tafi kwas Ingila, hatimin gidan waya na jikinsa ya nuna 1956. Sai wani ɗan uwanmu ya duba intanet, ya ce ai an nutsar da Apapa tun 1940, don haka ko katin jabu ne, ko labarin tafiyar ba haka yake ba. Maganar ta ɓata wa mahaifinmu rai ƙwarai. Ga shi kuma gefen katunan ya fara marmashewa. Mai shagon fotokwafi na unguwarmu ya ce in kawo ya yi musu lamineshin su huta, wani kuma ya ce zai sayi kan sarkin da ke jiki in na ɓanɓaro masa. Na rasa abin yi, ina tsoron su lalace a hannuna. Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan kakanku, ya sa ya huta. Kafin komai: kada katunan nan su je shagon fotokwafi, kada kuma kowa ya taɓa kan sarkin. Zan dawo kan wannan, domin shi ne abin da ya tayar min da hankali a wasiƙarki. Amma bari in fara da kwantar wa mahaifinku da hankali.

Ɗan uwanku bai yi ƙarya ba, rabin labari ya karanta. Duk jiragen nan uku na kamfanin Elder Dempster ne na birnin Liverpool, wanda ya daɗe yana jigilar fasinja da wasiƙu tsakanin Ingila da gaɓar Afirka ta Yamma. A zamaninsa kamfanin yana da al'adar maimaita suna idan jirgi ya salwanta. Akwai Apapa na 1914, wanda jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya nutsar a 1917 kusa da gaɓar Wales. Aka ƙera wani Apapa a 1927, shi ne jirgin saman yaƙi na Jamus ya jefa wa bam a watan Nuwamba na 1940 a yamma da Ireland, kuma shi ne ɗan uwanku ya gani. Bayan yaƙin duniya na biyu sai aka ƙera na 1948 a Barrow ta Ingila, wanda ya yi ta zirga-zirga tsakanin Liverpool da Ikko har 1968, aka sayar da shi, aka canza masa suna zuwa Taipooshan. To wannan kakanku ya hau a 1956. Haka Accra ma: na 1926 an nutsar da shi a 1940, na 1947 ne ya yi aiki har 1967. Kamfanonin jiragen shaƙatawa na yanzu ma haka suke yi. Cunard ta yi Queen Elizabeth a 1940, ta yi Queen Elizabeth 2 a 1969, ta sake yin wani Queen Elizabeth a 2010. Wanda ya ɗauki suna kaɗai ya ruga intanet ba tare da shekara ba, dole ya kwaso tarihin wani jirgin dabam.

Aureol shi ne auta kuma shi ne ƙawar kamfanin. An ƙera shi a Glasgow a 1951, girmansa kimanin tan 14,000, jikinsa fari fat, bututun hayaƙinsa rawaya, an raɗa masa sunan dutsen nan da ke Freetown. Tafiyar takan ɗauki kusan mako biyu, ana yada zango a Las Palmas da Freetown da Takoradi kafin a iso Ikko. Jirgin sama ne ya kashe kasuwar. A 1972 aka mayar da tasharsa ta Ingila daga Liverpool zuwa Southampton, a 1974 aka sayar da shi ga attajirin Girka John Latsis, ya koma Marianna VI, ya zama masaukin ma'aikata a Jidda. Sai 2001 aka farfasa shi a Alang ta ƙasar Indiya.

Ki juya katin Apapa ɗin ki duba bayansa da kyau. In na 1956 ne, kuma kan sarkin na Ingila ne, yawanci zai ɗauki hoton Sarauniya Elizabeth, wadda ta hau mulki a 1952. Kada ki razana in kin ga kan sarkin Ingila amma hatimin na Freetown ne ko Las Palmas, ko kin ga an buga kalmar "Paquebot". Ma'anarta an jefa wasiƙar ne a akwatin cikin jirgi yana kan teku, aka miƙa ta ga gidan waya a tashar da aka fara tsayawa. Na sha ganin mutane suna cewa wannan saɓanin alamar jabu ce, alhali ita ce shaida mafi ƙarfi cewa mai rubutun yana cikin jirgin da kansa. In kuna son ƙarin tabbaci, ma'ajiyar takardun tarihi ta Birtaniya da ke Kew tana riƙe da jerin sunayen fasinjojin da suka shiga ƙasar ta ruwa daga nesa, tun 1878 har 1960, da shekarun mutum da sana'arsa da adireshin da zai sauka. Sai dai ku nemi sunan ta rubutu iri-iri, don akawun jirgi yadda ya ji yake rubutawa, wani lokaci ma ya ɗauki "Mallam" a matsayin sunan yanka.

Yanzu ga maganar lamineshin. Wallahi babu abin da ya fi cin takardun tarihin gidajenmu kamar wannan na'ura, har gara ba ta kai ta ba, domin gara kowa ya san maƙiyiya ce, ita kuwa wannan da sunan taimako take zuwa. Kusan kullum sai wani ya shigo mana da takarda a cikin leda mai sheƙi, yana murna ya adana ta, sai mu rasa ta inda za mu fara yi masa bayani. Mutane sun ɗauka ledar aljihu ce da aka zura takarda a ciki, ranar da aka so a zaro. Ba haka ba ne. A cikin ledar akwai gam, na'urar tana gasa shi da zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa, ya narke, abin matsi ya tura shi cikin zaren takardar. Daga ranar nan takarda da leda sun zama abu ɗaya. Mai shago ba zai iya raba su ba, ni ma ba zan iya ba, manyan ɗakunan gyaran takardu na Turai ma da ƙyar suke cin nasara a kan kaɗan, da sinadarai masu haɗari da kuɗi masu yawa.

Ga katin hoto abin ya fi muni. Ki samo gilashin ƙara girma ki duba fuskar katunanki. Wanda kika ga hotonsa ɗigo-ɗigo ne, bugun inji ne. Wanda kika ga sumul babu ɗigo, hoto ne na gaske da aka wanke a kan takardar hoto, kuma dukkan surar tana zaune ne a kan wani siririn shafe da bai kai fatar albasa kauri ba. Zafi yana iya ƙona wannan shafen ko ya tayar da shi, gam kuma ya riƙe shi gam. Wani dattijo ya taɓa kawo min kati irin naki da aka liƙe shekaru da suka wuce. Bakin ledar ya buɗe ta kusurwa ɗaya, danshin damina ya shiga ya kasa fita, fumfuna ta yi baƙi-baƙi a ciki. Jikansa ya ga haka ya ja ledar don ya taimaka. Jirgin ya biyo ledar, takardar ta rage fara. Yana riƙe da su biyun a hannu yana tambayata ko za a iya mayarwa. Rubutun mahaifinsa da ke baya kuwa tawadar ta riga ta yaɗu tun ranar da aka gasa ta. Ban manta fuskar mutumin nan ba.

Ko da bakin bai buɗe ba, ba a tsira ba. Tsohuwar takarda tana da tsami a jikinta, shi ne yake sa ta yin ja tana karyewa. In tana shan iska, wani abu yana fita. In an rufe ta ruf, tana dahuwa ne a cikin tsaminta, ki ga bayan shekaru ta yi launin shayi a cikin leda mai ƙyalli. Sannan duk abin da mai bincike zai duba ya tafi: ba a jin kaurin katin, ba a ganin tudun hatimi, ba a iya tantance tawada. Shi ya sa akwai hukumomi a ƙasashen waje da ba sa karɓar takardar shaida da aka yi wa lamineshin, don ba su da hanyar gane ta gaske da ta jabu. Ke da kike son tabbatar wa dangi cewa katin nan na gaske ne, da hannunki za ki rufe hanyar tabbatarwar.

Abin da ke ba ni takaici shi ne masu shagunan nan ba sa taɓa cewa ba su sani ba. Mutum bai taɓa riƙe takardar da ta girmi mahaifinsa ba, amma zai dube ki ya ce wannan zai sa ta shekara ɗari. In kin nuna shakka sai ya ce akwai na sanyi wanda ba ya amfani da wuta. Na sanyin ma gam ne, yana manne wa fuskar hoto, ba ya fita. Ban ce mugaye ba ne, abinci suke nema, kuma ga katin makaranta ko jadawalin bango aikinsu yana da amfani. Amma abin da babu irinsa biyu a duniya ba a gwaji da shi. Har wasu ofisoshi na gani suna tura mutane su je a liƙe takardun gado da na filaye kafin a karɓa, jami'in da ya ba da umarnin bai san ɓarnar da ya jawo ba, kuma ba shi zai yi kuka ba bayan shekara ashirin. Ƙannen lamineshin su ne salatif da gam na ruwa da kilif na ƙarfe da albam mai shafi mai danƙo. Salatif yana bushewa ya faɗi ya bar tabo ruwan ƙasa da ya ratsa takardar, kilif yana zubar da tsatsa. Robar da kika tarar an ɗaure su da ita ma ki yanke ta yau da almakashi, kada ki ja, don takan narke ta manne.

Shi kuma mai son kan sarki, ki ba shi haƙuri ya tafi. Kan sarkin shekarun 1950 an buga su da yawan gaske, katunan ma kamfanin ya buga su da yawa don fasinjoji, a kasuwar masu tara irin waɗannan kaya kuɗinsu kaɗan ne. Jita-jitar cewa tsohon kan sarki yana sayen gida ita ce ke sa mutane su kara kati a tururin buta. In an ɓanɓare, rabin hatimin ya tafi da shi, shekarar 1956 da sunan tashar sun rabu biyu, an bar ku da hoton jirgi kawai wanda kowa zai iya samu.

Abin da za ki yi ba shi da tsada. Ki wanke hannu ki shanya sosai, ki riƙa kama katin ta gefe. Ki ɗauki hoton kowanne gaba da baya da waya, a inuwa mai haske, ba tare da walƙiyar kyamara ba, ki tura wa dangi. Wanda yake son na ratayewa a falo, a buga masa kwafi, wannan kwafin a yi masa lamineshin in ana so. Na asalin kuwa kowanne ya samu gidansa: aljihun leda marar gam na foliyesta ko folifurofilin, irin wanda ake zurawa a zaro, ba mai warin sabuwar roba ba, domin wannan yawanci PVC ne kuma yana ɓata hoto. In ba ki samu ba, ki ninka farar takarda mai kyau ki sa kowane kati a tsakiya, wannan ya fi jarida ko ambulan ruwan ƙasa nesa ba kusa ba. Gefen da ya marmashe ki bar shi yadda yake, ɓarɓashin da ya faɗo ki ajiye shi tare da katinsa. Ki shimfiɗa su a kwance cikin kwali mai murfi, a ɗakin da ba ya yoyo, sama da ƙasa saboda gara, nesa da bangon da ke jiƙa da damina, nesa da kicin da hasken taga. Kada ki zuba maganin ƙwari ko turare a kansu. Ki buɗe ki duba sau ɗaya a tsakiyar damina, sau ɗaya da hunturu, lokacin da bushewar iska ke sa kati ya lanƙwashe. In ya lanƙwashe kada ki danne shi da ƙarfi, balle dutsen guga. In kin ga fumfuna ko ramin ƙwaro, ki ware wannan katin, ki je da shi wurin masu adana takardu a Kaduna, ko Gidan Arewa ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, ki nemi shawararsu.

Tun mahaifinku yana tuna abin da aka ba shi labari, ki zauna da shi da takarda dabam da fensir, ki rubuta wane kwas kakanku ya je, daga wane gari ya hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, da wa suka tafi, yaushe ya dawo. Ki sa takardar a cikin kwalin tare da katunan, amma kada ki rubuta komai a jikinsu.