Shekara bakwai ina zuwa kotu, 2:2 zai kai ni LL.M?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni lauya ne a Kano, shekarata bakwai ina aiki. Da 2:2, wato ƙaramin mataki na daraja ta biyu, na fito a digirin farko. Ina son yin digiri na biyu a fannin shari'a, wato LL.M, amma na rasa inda zan dosa, gida ko Ingila. Shekarun aikina za su rufe min asirin sakamakon nan kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Barista. Idan gida ne, kwantar da hankalinka. Yawancin jami'o'in Najeriya daga 2:2 suke fara ɗauka, sai dai wasu kan ƙayyade makin da ba a sauka ƙasa da shi, don haka duba sanarwar shekarar da za ka nema. Za a bukaci takardar LL.B, wato digirin farko na shari'a, da ta Makarantar Horas da Lauyoyi, ko a Bagauda ka yi ko a Bwari, da ta bautar ƙasa, da kiredit biyar na WAEC ko NECO. E, har yanzu ana tambayarsu, ko da furfura ta fara fito maka.

Ingila kuwa da sauran magana. Manyan jami'o'insu 2:1 suke so, wato matakin da ke sama da 2:2. Akwai waɗanda ke karɓar 2:2 idan mutum ya daɗe yana aiki, kuma a nan ne shekarunka bakwai za su yi maka rana, muddin ka nuna su a rubuce. "Na daɗe ina zuwa kotu" ba hujja ba ce. Faɗi irin shari'o'in da ka riƙe, na filaye ne, na kasuwanci ne ko na gado, sannan ka haɗa su da fannin da kake nema. Karatun shekara ɗaya ne, amma da fam ake biya. Tallafin karatu na Chevening, na gwamnatin Birtaniya, yana neman aƙalla awa 2,800 na aiki, wanda ka wuce tuni, da alkawarin dawowa gida na shekara biyu.

In so kake ka koyar a jami'a wata rana, ko ka ci gaba da riƙe ofishinka, ni dai Bayero ko Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, zan ce maka, don ba sai ka saki waɗanda kake wakilta a kotu ba.

Abin da na fi ji maka shi ne tiranskirif, wato takardar cikakken sakamakonka na jami'a. Na ga lauyan da ya rasa gurbi saboda tsohuwar jami'arsa ba ta aika da shi kan lokaci ba. Ka je ka nema tun wannan makon, kafin ma a fara sayar da fom, ka kuma tuntuɓi malamanka biyu da har yanzu suke tuna fuskarka, su rubuta maka takardar shaida.