Tambayoyi da Amsoshi: Gyaran Kwanon Tocila Idan Ya Dushe

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni maigadi ne a Zariya, kuma da tocila mai caji nake aiki kowane dare. Bayan hunturu na ga ƙura ta taru a cikin kwanon nan mai ƙyalli da ke kewaye da ƙwan, sai na kwance kan tocilar na goge shi da gefen rigata. Tun daga ranar kwanon ya yi dishi-dishi, hasken kuma ba ya kaiwa nesa kamar da. Wane irin mai zan saya in goge shi ya dawo?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sayi kowane mai tukuna, domin a irin tocilarka man goge ƙarfe ƙarasa ɓarnar zai yi. Ƙyallin da kake gani ba daga jikin kwanon yake ba. A yawancin tocilolin da ake sayarwa yau, kwanon roba ne, sai a saka shi cikin wata na'ura da aka zuƙe iskar cikinta, a dafa alminiyam har ya zama tururi ya kwanta a fuskar robar. Kaurin wannan shafe bai wuce nanomita 100 ko kusa da haka ba, wato gashin kai guda ya fi shi kauri sau ɗaruruwa. Ƙurar hunturu kuwa tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi da suka fi alminiyam tauri nesa ba kusa ba, saboda haka lokacin da ka bi ta kansu da riga, tamkar ka sa wa kwanon samfefa ne. Dubban ƙananan zane-zane da ido ba ya rarrabewa su ne suka zama dishi-dishin, kuma su ne ke watsa hasken gefe maimakon su tattara shi gaba.

Abin da ya zanu ya zanu, babu man da zai mayar da alminiyam ɗin da ya tashi. Sai dai sau da yawa wani ɓangare na dushewar maiƙon yatsa ne da sauran ƙura, kuma wannan yana fita idan aka bi a hankali. Ka cire kwanon kana riƙe da shi ta baya ko ta baki, ka hure ƙurar da robar hura iska irin ta masu gyaran waya da agogo, ba da bakinka ba, saboda feshin yawu yana barin tabo. Ka zuba ruwa mai ɗan ɗumi a kofi, ka ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke ɗigo ɗaya, ka tsoma kwanon kana kaɗa shi ba tare da wani abu ya taɓa cikinsa ba. Daga nan ka ɗauraye shi da tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota, amma ka tabbatar wa mai sayarwa cewa wanda babu asid a ciki kake so. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin tabo idan sun bushe, shi ya sa ban ba ka shawararsu ba. Ka kife kwanon a inuwa, inda ƙura ba ta kaiwa, ya bushe da kansa. Fetur, kananzir da tina kuwa kada su kusance shi, domin suna iya cin robar ko su ɗaga shafen gaba ɗaya. Ka kuma sani cewa idan shafen ya riga ya fara ɓarewa, ko ruwan ma yana iya ƙara ɗaga shi.

Ina zargin akwai dalili na biyu da ya rage maka nisan haske. Kwanon yana da siffa ta musamman wadda ke da wuri guda tak da ya kamata ƙwan ya zauna, kuma kuskuren da bai kai milimita 1 ba ya isa ya buɗe baƙin rami a tsakiyar hasken ko ya baje shi. Ka duba ko akwai wani ɗan zobe na roba tsakanin ƙwan da gindin kwanon wanda ya faɗi ko ya karkace lokacin da ka kwance kan, sannan ka ɗaure kan har ƙarshe. Idan gilashin gaba na roba ne kuma ya yi hazo, shi ne abin da za ka iya gogewa da man goge baki da auduga ba tare da fargaba ba.

Tambaya: Malam, tocilata ta ƙarfe ce mai tsada, batir ya fashe a ciki har ruwansa ya kai ga kwanon ya ci gefe guda. Kwanon yana da nauyi da sanyi a hannu. Ko za a iya ceto shi?

Amsa: Nauyi da sanyin da ka ambata alama ce cewa kwanon alminiyam ne zalla, kuma kana iya tabbatarwa idan ka ɗan karci bayansa da allura ka ga farin ƙarfe. Ka fara da kashe ƙarfin abin da ya zuba, da safar roba a hannunka, kana kiyaye idonka. Idan batirin alkalin ne, abin da ke fitowa daga cikinsa yana narkar da alminiyam, kuma ruwan khal ko na lemon tsami ne ke karya shi. Idan kuwa batirin gama-gari ne mai araha na zinc da carbon, ruwansa mai tsami ne, sai a yi amfani da bekin soda da aka jiƙa.

Shi ma wannan kwano shafe ne a fuskarsa, amma bambancinsa da na roba shi ne akwai ƙarfe a ƙarƙashi da za a iya gogewa. Kafin ka fara, ka haska tocilar a bango ka gani. Idan tabon ƙarami ne kuma hasken bai canja sosai ba, shawarata ita ce ka bar shi haka, domin sabon shafen alminiyam yana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na haske, gugar hannu kuwa ba ta kai wannan ba, kuma ƙarfen da aka buɗe yana sake dushewa da iska a hankali. Idan ɓarnar ta yi yawa har babu abin da za a yi asara, ka sami samfefar ruwa irin ta masu fentin mota, ka fara da lamba 800 don cire tsohon shafen da ramukan da aka ci, sannan 1200, 2000, har 3000 idan ta samu, kullum a jiƙe, kana wanke kwanon tsakanin kowace lamba da mai bi mata. Ka naɗe samfefar a kan soso mai laushi, kana juya kwanon da kansa don gugar ta zagaya daidai, saboda idan ka dage a wuri guda za ka ɓata siffar, kuma kwano mai ƙyalli da ya rasa siffarsa bai fi wanda ya dushe amfani ba. Ka ƙarasa da man goge ƙarfe irin su Autosol a kan auduga, ka wanke da sabulu. Wajen mayarwa kada ka manta zoben robar gindi, domin shi ne ke hana ƙarfen kwanon taɓa wayoyin ƙwan. Idan asalin fuskar kwanon mai gudaji-gudaji ce kamar ɓawon lemo, da gangan aka yi ta haka don hasken ya fito sumul, kuma guga za ta share ta.

Tambaya: Na gaji tsohuwar tocila daga mahaifina, kwanonta ya yi baƙi amma bayansa launin tagulla ne. Ina so in adana ta.

Amsa: Allah ya jiƙansa. Da alama tagulla ce aka shafa wa azurfa, wadda ke yin rawaya sannan ta yi baƙi idan ta haɗu da sinadarin farar wuta da ke cikin iska. Kada ki goga. Ki shimfiɗa takardar alminiyam ta naɗe abinci a cikin kwanon tangaran, ki ɗora kwanon tocilar ya taɓa ta, ki zuba ruwan zafi da aka narkar da cokali ɗaya na bekin soda a kowane kofi. Cikin 'yan mintuna baƙin zai bar azurfar ba tare da an kankare ta ba. Inda tagulla ta riga ta bayyana, sai masu aikin shafa azurfa.

Tambaya: Fentin feshi mai launin azurfa ko takardar alminiyam za su iya maye gurbin shafen?

Amsa: Fentin yana ƙyalli a murfin gwangwani, amma a cikin kwano toka-toka yake bushewa, takarda kuma tana yamutsewa ta watsa hasken. Za su haska ɗaki, amma ba za su kai haske nesa ba. Ga tocila mai araha, hanya mafi sauƙi ita ce neman matacciyar tocila iri ɗaya a wajen masu gyaran lantarki, kamar na Kasuwar Sabon Gari a Kano, a cire kwanonta. Mai neman sabo ya auna faɗin baki, zurfi da faɗin ramin gindi da milimita, ko ya tafi da tsohon a hannu a gwada.